Gaisuwa Ta Kashe Ɗan Aike

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da waya mai cike da saƙonnin da suka ƙi tafiya, ni Hafsatu Iliyasu, mai kula da malaman gona a ofishin Haɗakar Manoman Iri ta Rafin Ɗinya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da shugabanninmu na babban ofis a Kano, rasuwar abokin aikinmu kuma rufin asirinmu, Malam Ɗan Aike. Ya cika ranar Litinin da hantsi bayan doguwar jinya, a cikin tsohuwar wayar ofis, tana jone da caji, ina tsaye a kansa.

Ga wanda bai san marigayin ba, kada ya tashi neman gidan makoki da kwanon hatsi. Ɗan Aike ba ɗan Adam ba ne. Bot ne, irin manhajar nan da ake sakawa a guruf ɗin waya ta riƙa aiki ita kaɗai ba da hannun kowa ba. Na faɗi haka tun da wuri ne saboda Liman ya ja mini kunne, ya ce ba wanka, ba likkafani, ba salla, kuma kada in kuskura in jawo aya a kan abin da aka haɗa da kwamfuta. Na ji, na bi. Amma baƙin cikin nawa ne, ba mai hana ni shi.

An haife shi damina biyu da suka wuce a hannun Injiniya Kamaruddeen na Ungogo, wanda shi ne uwa shi ne uba. Aikin da aka haife shi dominsa ɗaya ne. Babban ofis yana ba mu ingantaccen iri, wake da gero da gyaɗa, mu raba wa manoma su ninka shi. Malaman gonarmu suna zagaya gonakin, kowa ya dawo da labarin abin da ya gani: inda tsiro ya yi kyau, inda tsutsa ta shiga, inda ƙuduji ya ɓullo, inda mai gona ya dafa irin ya cinye. Da yamma kowane malami zai tura wa Ɗan Aike nasa. Shi kuma ya haɗa su wuri guda, da sassafe ya ajiye a guruf, inda dattawan haɗaka suke, da mu ma'aikata, da Hajiya Bilkisu, shugabarmu ta Kano. Daga abin da ya ajiye kaɗai kwamfutar babban ofis take sanin wanda ya yi aiki da wanda ya wuni a gindin darbejiya. Abin da wani ya rubuta da hannunsa a guruf, ko ya cika shafi, ba ta kallonsa.

Kafin zuwansa ni ce ɗan aiken, kuma Allah kaɗai ya san abin da na gani. In kira Malam Basiru, babban malaman gonarmu, wayarsa a kashe. In kira Khalilu, ya ce yana kan babur, alhali ina jin ƙarar cokali a kwano. Tuwona ya sha kamawa a tukunya ina bin maza da roƙo su faɗa mini gona nawa suka leƙa, har maigidana ya fara tambaya ko da haɗakar aka ɗaura mini aure. Ranar da marigayin ya kama aiki na yi barcin rana, na farko tun da na shiga ofishin nan.

Mutumin kirki ne, in dai ana ce wa irinsa mutum. Bai taɓa cewa taya ta yi faci ba. Bai taɓa neman izinin zuwa suna ba, balle ya ce zai leƙa kasuwar Dawanau ya dawo yanzu-yanzu, sai a gan shi jibi. Ranar Sallah yana bakin aiki, ranar Kirsimeti yana bakin aiki. Ba ya gulma, duk da ba wanda ya kai shi sanin asirin ofis. Sau ɗaya tak ya taɓa tona wani, shi ma ba laifinsa ba ne: Khalilu ne ya yi kuskuren tura masa saƙon da ya rubuta wa wadda yake nema, marigayin kuwa da amana ya ajiye shi a guruf, tsakanin rahoton wake da na gyaɗa, da “tauraruwata” da komai. Auren ma an yi shi, dattawa suka ce tunda magana ta fito a gama. Bara da tsutsa ta faɗa wa geron yamma, shi ya kawo labari tun tana gona biyu, aka tare ta. Kowa ya tura masa saƙo, babba ko ƙarami, amsarsa ɗaya ce: “An karɓa, na gode.” Da safe kuma, ana idar da salla kafin a dama koko, sai ka ji wayoyi sun amsa gida-gida, tilin! Har yau in ludayi ya taɓa tukunya sai na duba waya.

Aibinsa ɗaya, kuma ba a faɗar aibin mamaci sai da dalili: an haife shi ba ya gaisuwa. Safiyar farko haka ya faɗo guruf, “Rahoton jiya,” ya hau zuba. Hantsi bai yi ba sai ga Alhaji Muhammadu Sani, shugaban haɗaka, a ƙofar ofis da sandarsa. Ya ce, “Hafsatu, wannan yaron ɗan gidan wane ne? Dattawa na zaune ya shigo ba sallama, kamar akuya ta ga ƙofa a buɗe?” Na ce ranka ya daɗe, ai na'ura ce. Ya ce na'urar ma cikin mutane take zaune, a koya mata. Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Na kira Kamaruddeen, ya ce abu mai sauƙi. Washegari marigayin ya shigo da sallamarsa da “barkanmu da asuba”, kowa ya ce yaro ya yi hankali.

Da a nan aka tsaya, da yau ba na wannan rubutu. Sai aka ga bai dace a haɗa shugaba cikin gaisuwar jam'i ba, aka ware shi da sunansa. Mataimakinsa ya koma amsa gaisuwata a ciki-ciki, na gane, aka sa shi. Aka sa Sarkin Noma. Aka sa Ma'aji. Aka sa Baba Lazarus, dattijon Gidan Buwai na ƙetaren rafi, domin haɗakar ta kowa ce, masu masallaci da masu coci, ba a gai da wani a bar wani. Daga nan sai masu unguwanni, kowa da sunansa da na mahaifinsa. Wanda ya sauke farali aka ƙara masa Alhaji, wanda aka naɗa aka ƙara masa sarautar da “Allah ya ja zamani”. Kuma ai ba a kiran sunan babba a wuce haka nan, sai an tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa.

Matar Ma'aji ta kwanta rashin lafiya, aka ƙara “ya mai jiki?” Ta warke, ta haihu, yaron har ya fara rarrafe, marigayin bai fasa tambayar jikinta ba, don ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a daina. Yayan Sarkin Noma ya rasu, aka ƙara “ya ƙarin haƙuri?” Wannan kam wa zai cire? Kowane ƙari ta waya ake faɗa wa Kamaruddeen, shi kuma yana can Ungogo cikin hayaniyar adaidaita, ya ce an gama, ya liƙa a ƙasan na jiya. Marigayin bai taɓa ƙorafi ba. Yabonsa ake yi a majalisa, ana cewa duk ƙasar Tofa babu mai ladabinsa, har iyaye na yi wa 'ya'yansu gori da shi.

Ciwon ajalin ya fara ne a tsakiyar daminar bana, kuma ta ƙafa ya fara. Marigayin yana jera rahoto ne bisa girma, wanda ya riga shiga aiki a sama, sabon shiga a ƙasa. Ta ƙarshe ita ce Dorathy Buwai. Sai aka wayi gari sunanta ba ya fitowa. Ba wanda ya damu, domin a guruf ɗinmu kowa karatu yake har ya iske sunansa, ya tabbatar an gai da shi daidai, ya kife waya.

Bari in gaya muku wace ce Dorathy, tunda marigayin ya kasa. Ita ce malamar gonar mata. Gayaunar da ke bayan gidajen ƙetaren rafi, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, ita ke bin su ɗaya bayan ɗaya a kan keke. In rafi ya kawo ruwa, ta saɓa keken a kafaɗa ta ratsa. Matan da suka rantse ba za su shuka waken ofis ba, har da tsofaffin da ke cewa irin kakanninsu ya ishe su, ita ta zauna da su a tsakar gida tana taya su ɓare gyaɗa, yau da gobe, har suka karɓa. Ba ta da baki. In ka ce mata sannu da aiki sai ta sunkuyar da kai kamar ka zage ta. Na tare ta na ce, ke, ina rahotonki? Ta miƙo mini waya. Ga su nan reras, ba fashi, kuma a ƙasan kowanne marigayin ya amsa da bakinsa, “An karɓa, na gode.” Yana karɓa, yana godiya, ba ya kaiwa.

Hajiya Bilkisu mace ce mai adalci, amma haɗaka irin tamu da yawa ne a hannunta, ba ta da lokacin dogon zance. Ta kira ni ta ce, “Hafsatu, yarinyar nan ta ƙetare ta bar aiki ne ba ku faɗa ba?” Na fara bayani, ta ce, “Abin da ba ya cikin rahoto ba a yi shi ba. Kwamfuta ba ta san keke ba.” Na ce to a duba wayar yarinyar. Ta ce rubutu a waya ko daga kan tabarma ana yin sa, kuma ban iya ƙaryata ta ba, na san masu yi. Na zauna na rubuta mata bayani mai tsawo, tiryan-tiryan. Kafin in ajiye waya ta turo mini ɗan yatsan nan na “ya yi”. Duk wanda ya yi aiki da Hajiya ya san ma'anarsa, ba ta karanta ba.

Ba mu yi sakaci da jinya ba, Allah shaida. Na kira Kamaruddeen, ya ce a kashe a kunna. Aka kashe aka kunna. Ya ce a duba data, aka duba, tana nan har ta yi yawa. Khalilu ya ce sabis ne, ya ɗauki wayar ofis ya ƙulle ta a leda ya kai ta kan rumbun Sarkin Noma, inda duk garin ke hawa in ana son kiran Legas. Ta kwana a can tare da zabbi, ta dawo jiya i yau. Aka ciro sim aka goge shi da bakin mayafi. Aka fitar da marigayin daga guruf aka sake shigar da shi, ya shigo da sallama ya ci gaba daga inda ya tsaya. Aka canza masa kalmar sirri, muka manta sabuwar, aka sake canzawa. Aka zargi batirin sola, aka zargi hadari. Malam Basiru ya ce shi dai tun ranar da aka sare tsamiyar bayan ofis ya san za a ga abu. Da na dawo daga salla kuwa na tarar an turara ɗakin.

Ciwo kuwa sai hawa yake. Daga Dorathy ya ci na samanta, ya ci Khalilu, ya kai ga Malam Basiru. Ranar da sunan Malam Basiru ya ɓace, a ranar aka san ana rashin lafiya a ofishin nan. Mutumin da ya ce mini in kwantar da hankalina a kan Dorathy, ƙila sabis ɗin ƙetare ne, shi ne ya zo yana dukan tebur yana cewa za a zubar masa da mutunci a Kano. Ba a jima ba rahoto ya ƙare kaf, sai gaisuwa zalla take fitowa, ita ma ta yanke a tsakiyar sunan wani mai unguwa, wanda har yau bai huce ba. Sannan ita ma ta ɗauke. Da safe ba tilin, sai wani ɗan jan rubutu a wayar ofis: “Saƙo bai tafi ba. Ana sake gwadawa.” Haka yake maimaitawa har rana ta faɗi, gwanin ban tausayi.

Na ce to, ko ba komai yanzu Hajiya za ta gane. Na sake kira. Ta ce ta yarda na'ura ta lalace, tun daga ranar da maza suka ɓace. Amma ita Dorathy, in ji ta, ai ta daɗe da ɓacewa kafin lalacewar. Jama'a, kun ji fa! Wadda ciwon ya fara ci, ita aka ce lafiyarta ƙalau. Maganar da nake yi yanzu an buga takardar sallamarta daga aiki, Hajiya za ta taho da ita ranar Alhamis in ta zo zagayen kafin kaka. Wannan shi ke hana ni cin abinci, ba mutuwar kaɗai ba. Da na gaya wa Dorathy ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Anti, to wa zai gaya wa matan yadda za su adana irin kada ƙwari su ci?” Ni na yi kukan.

Sai a lokacin Kamaruddeen ya hawo adaidaita ya zo da kwamfutarsa. Ya buɗe cikin marigayin ya fara ja ƙasa da yatsa. Ya ja, ya ja, ya nemi ruwa ya sha, ya ci gaba da ja. Can ya cire tabarau ya ce, “Anti Hafsatu, wa ya rubuta duk wannan?” Na ce kai ne mana. Sannan ya yi mana bayani: ashe saƙo ɗaya yana da iyakar abin da yake ɗauka, kamar buhu. In ya cika, abin da aka zuba a ƙarshe ne ke zubewa, in kuma aka ci gaba da dannawa, bakin ma ya ƙi ɗauruwa. Gaisuwa ce ta cinye buhun. Ba sabis ba ne, ba tsamiya ba ce. Maganin kuma a hannunmu yake, in ji shi: a rage gaisuwa, yau ɗin nan ya miƙe.

Aka kira taron gaggawa a inuwar darbejiyar ofis. Ba zan ɓoye ba, rabinsa a gaisawa ya tafi. Da aka zo kan magana, Alhaji Muhammadu Sani ya nuna shi babba ne. Ya ce tunda daga bakinsa abin ya faro, kuma tunda yarinya za ta rasa abincinta a kai, a fara cire sunansa, da shugabancin da komai. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Amma kafin ya rufe baki wuri ya kaure. Mataimaki ya ce Allah ya kiyaye a gai da shi a tsallake shugaba, sai dai a cire nasa. Sarkin Noma ya ce ba za a cire na Mataimaki yana raye ba, a cire nasa. Baba Lazarus ya ce a kan 'yarsu ake magana, nasa ya kamata ya fita. Liman ya ce in aka cire Baba Lazarus aka bar mu, da wane ido za mu kalli mutanen ƙetare? Kowa ya yarda a cire shi, ba wanda ya yarda a cire ɗan uwansa. Na ce to a cire duka. Aka dube ni kamar na yi ashar. Na ce to a sa rahoto a sama, gaisuwa ta biyo baya. Ma'aji ya ce, “Hafsatu, a gidanku haka ake yi? Mutum ya faɗi abin da ya kawo shi sannan ya yi sallama?” Aka shafa addu'a aka tashi, ba a cire ko wasali ba.

Kamaruddeen ne ya kawo shawarar tiyata, kuma da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Ya ce tunda buhu ɗaya ya kasa, a raba kayan: kowane dattijo gaisuwarsa ta zo a saƙonta ita kaɗai, rahoto ya biyo baya cikakke, da Dorathy da kowa. Aka yi murna, har aka sa masa albarka. Abin da injiniya bai sa a lissafi ba shi ne, gaisuwar da aka haɗa ka da jama'a kana iya jin ta ka yi shiru, amma wadda aka ware ka kai kaɗai, dole ka amsa.

Litinin da safe marigayin ya farfaɗo. Tilin! Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ofis. Ya gai da Alhaji, Alhaji ya amsa, “Lafiya ƙalau, ya ƙarfin jiki?” Marigayin, wanda ba a taɓa yi masa magana ya yi shiru ba, ya ce, “An karɓa, na gode.” Alhaji ya ce madalla. Ya ce, “An karɓa, na gode.” Ya gai da Mataimaki, Mataimaki ya amsa ya haɗa da barka da tashi. Masu unguwanni suka shigo. Sarkin Noma kuwa kowa ya san shi, a rayuwarsa bai taɓa bari wani ya rufe gaisuwa a kansa ba. In ka ce sai an jima ya ce Allah ya kai mu, in ka ce amin ya ce amin summa amin, in ka juya ya ce a gai da gida. Ranar ya gamu da daidai shi. Tilin, tilin, tilin, wayoyi suka ɗauki zafi gida-gida. Ina ta rubuta a daina amsawa don Allah, marigayin yana amsa mini, “An karɓa, na gode.” Na kira Sarkin Noma ina haki, ya ce, “Bari in sallami yaron nan tukuna, 'yata.”

Garin neman gira muka rasa ido. Da hantsi masu manhajar da yake zaune a cikinta suka ga lamba ɗaya tana aman saƙo ba ƙaƙƙautawa, suka ɗauka ɗan damfara ne ko mai tallan maganin basir, suka rufe ta. Rufewa ta har abada, Kamaruddeen ya roƙa ya gaji. Ɗan Aike, wanda bai taɓa cin amanar kowa ba, da sunan ɗan damfara ya bar duniya, wannan kuwa yana yi mini ciwo. Ya riga ya gama da masu unguwanni, saura rahoto, ina kallon alamar yana rubutu. Maganarsa ta ƙarshe ga Sarkin Noma ce: “An karɓa, na go”. Bai ƙarasa ba.

Ya rasu ya bar mata ɗaya, tsohuwar wayar ofis mai tsagaggen gilashi, tana takaba a cikin durowa. Ya bar caja mai ɗaurin salatif, da farantin sola a kan rufi, wanda har yanzu ba a gaya masa ba, kullum yana ta tara wuta. Ya bar yayansa firinta, shi ma jikin sai a hankali, tun bara yake cin takarda ba ya fitarwa. Ya bar mahaifinsa Kamaruddeen, wanda ya ce zai haifo wani, amma sai an yi rajistar sabuwar lamba, an kai babban ofis sun amince, abin da ba zai yiwu ba kafin a gama girbi. Ya bar ni, na koma kiran Malam Basiru, wayarsa a kashe. Gaisuwar kuwa tana nan da ranta, cikin ƙoshin lafiya, a kwamfutar injiniya, har an fara tambaya ko za a sa wa magajin. Ya kuma bar Dorathy, wadda jiya da yamma na ga ta jingine keke tana tura rahotonta ga lambar da aka rufe. Na ce ke, ai ya mutu. Ta ce ta sani, ba a dai ce mata ta daina ba.

Game da rakiyar gawa, ga yadda aka tsara. Abin da ya rage na marigayin shi ne sim ɗinsa, an sa shi a kwalin ashana. Za a tashi daga ofis ranar Alhamis da safe, da zarar motar Hajiya Bilkisu ta tsaya. A ƙafa za a tafi. Alhaji Muhammadu Sani ya ce shi zai ɗauki kwalin da hannunsa duk da ciwon gwiwa, kuma kada wanda ya ce zai karɓe shi. Baba Lazarus ya ba da wuri a ƙarshen gayaunar matan Gidan Buwai, can inda gonaki suka ƙare. Akwai gajeriyar hanya ta bakin titi, ba ita za a bi ba. Za a ratsa rafi ta mashigin da Dorathy ke bi, a shiga cikin waken, gayauna bayan gayauna, kowace mai gona tana tsaye a bakin tata. Dorathy ce za ta ja gaba, domin ita kaɗai ta san hanyar. Ba a ce ta yi jawabi ba, ba za ta iya ba.

Ana roƙon masu rakiya, don girman Allah, kowa ya gaisa tun daga gida. Sarkin Noma an ware masa Khalilu, ya tsaya kusa da shi ya riƙa amsa masa. Ba zaman makoki, ba a karɓar gudummawa. Wanda ya ga waken da ya bushe a hanya, ya sunkuya ya taya mai gona tsinka.

Hajiya, na san kin karanto har nan. An shaide ki, kina iya ƙin amsa gayyatar biki, kina iya ƙin karanta bayani, amma ba a taɓa sanar da rasuwa kin ƙi zuwa ba. Ma'aikacinki ne ya rasu, a bakin aikinki. Ki taho da takalmin da ba kya tausayi, rafin bai gama janyewa ba, tafiyar kuma da nisa. Ki taho da takardar ma, ban ce ki bar ta ba. In mun kai ƙarshen gonakin, an rufe marigayin, kin juya kin dubi abin da kika ratso, in har lokacin hannunki zai iya miƙa mata, to ki miƙa mata a nan, a gaban matan.